NFB na Kanada: finafinan gwamnati da nake kallo kyauta daga Kano

Wata uku ke nan ina shiga shafin NFB, wato hukumar finafinai ta ƙasar Kanada, kuma tunda kusan kullum sai wani ya tambaye ni a guruf wai ina nake samo waɗannan finafinan da nake ɗorawa a sitatus, na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya huta.

Yadda aka yi na faɗa ciki, ƙanena da ke karatu a Manchester ne ya turo min wani shiri na namun daji a BBC iPlayer, wato shafin kallon shirye-shiryen talabijin na BBC a intanet, ya ce "Yaya don Allah ka kalla, irin naka ne." Na danna, sai rubutu ya fito cewa a Birtaniya kawai yake aiki. Da na bi diddigi sai na ga ai suna da hujjarsu. Kowane gida a can da ke kallon talabijin kai tsaye yana biyan lasin, a 2025 fam 174.50 ne a shekara, kuma tun Satumban 2016 ko iPlayer ɗin kaɗai za ka kalla sai ka biya. Mu kuwa ko sisi ba ma ba su. Sannan ga maganar haƙƙin mallaka, ita ce ma babbar, domin shirye-shirye ƙasa-ƙasa ake sayar da su, misali ƙwallon Firimiya a nan wajenmu SuperSport ne ke da ita, to ta yaya BBC za ta buɗe maka Match of the Day, shirinta na ƙwallon Firimiya, a Kano kyauta? Shafin yana duba adireshin IP ɗinka ne, da ya ga Najeriya shi ke nan an rufe ƙofa. Kai ko shi ƙanen nawa in ya zo hutun sallah ba zai buɗe masa ba, sai dai abin da ya sauke a waya kafin ya hau jirgi, shi ma yana da wa'adi, yawanci kwana 30. Kar a haɗa da BBC Hausa fa, wannan tun 1957 don mu ake yin sa, haka Africa Eye yana nan a YouTube ba wanda ya hana ka.

Don in buɗe iPlayer ɗin na gwada wani VPN, wato manhajar da ke ɓoye ƙasar da kake, na kyauta da wani yaro ya saka min a kasuwar waya, wayata ta yi zafi kamar dutsen guga, talla kan talla, bidiyo minti ɗaya sai ya tsaya yana juyi, ga shi dama saɓa ƙa'idar BBC ne. Na goge shi a ranar.

To a wannan neme-nemen ne na ci karo da nfb.ca. Ita ma NFB da kuɗin harajin 'yan Kanada take aiki, an kafa ta a 1939, hedikwatarta na Montreal, amma ita tun 2009 ta zuba finafinanta a intanet ta ce duniya ta zo ta kalla. Bambancin a fahimtata shi ne ita ke shirya finafinan da kanta, yawanci mallakarta ne, kuma cikin aikin da aka ɗora mata akwai ta nuna wa duniya Kanada, don haka ba ta da dalilin ɓoyewa. Na shiga da datar wayata ta yau da kullum, ba VPN ba komai, ba wanda ya tambaye ni katin ATM, ko rajista ban yi ba, na danna fim ya fara. Wallahi sai da na ɗan jira in ga inda za a ce in biya, shiru.

Amma fa in gaya muku gaskiya tun wuri, wanda ke neman fim ɗin soyayya mai dogon zango ko na harbe-harbe kar ma ya wahalar da kansa. Kayan nan kusan duk finafinan gaskiya ne da na zane. Akwai da yawa a kan 'yan asalin ƙasar, irin su Inuit masu zama cikin ƙanƙara, da ayyukan Alanis Obomsawin, wata dattijuwa da ta yi finafinai sama da 50 a kan mutanenta da rigimarsu da gwamnati kan filaye, abin da ya burge ni shi ne gwamnatin da ake suka a ciki ita ce ta biya kuɗin fim ɗin.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne Neighbours na Norman McLaren, na 1952, kusan minti 8 ne kuma ba magana a ciki, har Oscar ya ci. Ranar an ɗauke wuta muna tsakar gida a kan tabarma, na jingina wayar a jikin filas, yara suka kewaye ta. Maƙwabta biyu ne zaune lafiya, fure ya tsiro a tsakanin gidajensu, kowa ya ce nasa ne, aka kafa shinge, aka cire itacen shingen aka hau dukan juna da shi. Da farko yaran dariya suke har da faɗuwa saboda yadda mutanen ke tafiya kamar ana jan su a ƙasa, can sai na ji tsit. Hajiya da ke gefe tana jan carbi, ashe tana kallo, ta ce "Wannan ai rikicin iyakar gona ne, har Turawa ma suna yi?" Mai ƙananan yara sosai ya fara kallo shi kaɗai tukuna, ƙarshen ba daɗi.

'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram ku naku ma ya fi sauƙi, akwai ɓangaren Faransanci a onf.ca, sai dai Faransancin Kebek, yankin Kanada mai amfani da Faransanci, sai an kasa kunne. Kuma akwai tsohuwar alaƙa, marigayi Moustapha Alassane, ɗan Nijar ɗin nan da ke cikin na farko-farkon masu fim ɗin zane a Afirka, a wannan hukumar ya je ya ƙaro ilimi wajen McLaren a shekarun 1960.

Inda za ka ɗan ji haushi, ba duka ne a buɗe ba, wasu finafinan musamman sababbi ko waɗanda aka yi da haɗin gwiwar wani kamfani sai kana cikin Kanada, dalili dai ɗaya da na iPlayer. Ba fassarar Hausa ko kaɗan, shi ya sa na zanen da ba magana suka fi karɓuwa a gidanmu. Data kuma tana tafiya in ka bar shi a hoto mai kyau, ni ragewa nake yi, a waya ba ka ma gane bambanci sosai, dogayen kuma sai dare in na sayi datar dare. Suna da tasha a YouTube ma ga wanda netwok ɗinsa ke wasa da shi.

Ni dai na ba shi 8 cikin 10. Jiya na tura wa ƙanen nawa guda biyu, na ce to ga nawa, kuma a Manchester ma ya buɗe masa.