Shagon da ke ɗinka rigunan ƙungiyoyin gasar Nijar a Damagaram

Wanda yake neman rigar Barcelona ko ta Real Madrid a Damagaram ba ya shan wahala, domin daga bakin Kasuwar Dole har teburan ƴan tireda na Sabon Gari a rataye suke, manya da ƙanana, sababbi da na gwanjo. Amma wanda yake son rigar ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka buga babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Nijar, wadda yanzu ake kira Super Ligue, sai ya gaji da tambaya, wasu ƴan kasuwar ma su dube shi da mamaki. Wannan giɓi ne wani ƙaramin shagon ɗinki da buga rubutu, da ke wani layi kusa da kasuwar, ya ɗauki nauyin cikewa. Na sayi riguna a wurinsa, na sa su, an wanke su, saboda haka ina ganin ya dace in faɗi abin da shagon ya iya da kuma abin da ya rage masa.

Shagon ɗaki ɗaya ne da rumfa a gaba. A ciki akwai kekunan ɗinki, da injin zafi na manna lamba da suna a bayan riga, da kwamfutar da ake zana tambari. Abin da ya bambanta shi da sauran shagunan irinsa shi ne bangon da ke fuskantar ƙofa, wanda mai shagon ya shafe da farin fenti ya rubuta sunayen ƙungiyoyin da suka taɓa bugawa a rukuni na ɗaya, jiha bayan jiha, sannan a gefe ya jera zakarun gasar tun daga 1966, shekarar da aka fara ta. Mai saye yakan tsaya gaban bangon ya zaɓi ƙungiya, a nuna masa samfurin rigarta a kwamfuta, a gwada shi, a ba shi rana. A ganina wannan bango shi ne mafi darajar abin da ke cikin shagon, ya fi rigunan kansu, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Jerin zakarun ya fara da Secteur 6 ta Yamai, wadda ta ci gasar sau biyar a jere daga 1966 zuwa 1970, kuma mai shagon ya kyauta da ya ja layi ya haɗa ta da Olympic FC, domin ƙungiya ɗaya ce ta canza suna. Haka ya yi wa Secteur 7 da Sahel SC. Matasa da yawa ba su san wannan ba, suna ɗauka sunaye huɗu ne na ƙungiyoyi huɗu, alhali kuwa gidaje biyu ne da suka fito daga unguwannin babban birni suka mamaye tarihin gasar, Sahel da kofi 13, Olympic da 12 idan an haɗa da na zamanin tsohon sunanta. Bayan su akwai AS Niamey da ta riƙe kambun daga 1980 zuwa 1982, da Zumunta AC da ta ci a 1985 da 1988 da 1993, da JS Ténéré da ta ci a 2000 da 2001. Na bi waɗannan shekaru ɗaya bayan ɗaya, na same su daidai, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga shagon da ba aikinsa ne ajiye tarihi ba.

Shekaru biyu ne kawai aka rubuta da jan fenti, wato 1983 da 1984. A 1983 Jangorzo ta Maraɗi ce ta ɗauki kofin, shekarar da ta biyo baya kuma Espoir FC ta Damagaram. Daga farkon gasar har zuwa 2024, waɗannan ne kaɗai lokutan da kambun ya bar Yamai. Duk Badamagaren da ya tsaya gaban bangon ya ga jan rubutun nan guda biyu a tsakiyar dogon jeri na baƙi zai gane nauyin abin da Espoir ta yi, kuma zai gane tsawon lokacin da aka ɗauka ba a maimaita ba. Ba mamaki rigar Espoir ce aka fi nema a shagon, kuma ita kaɗai ce ake samu a ɗinke a rataye ba sai an yi jira ba. Na ga dattawa suna saya wa jikoki, suna ba su labarin wasannin da suka kalla da idonsu tun kafin a haifi iyayen yaran.

Ƙasan jerin kuwa wani labari yake bayarwa, wanda ya kamata duk mai kishin ƙwallon jihohi ya dube shi da kyau. Daga 2013 zuwa 2024 babu ƙungiyar unguwa ko ta gari da ta ci gasar. AS Douanes ta ƴan duwan ta ci a 2013 da 2015, AS GNN ta dakarun tsaron ƙasa ta ci a 2014 sannan ta dawo a 2023 da 2024, AS FAN ta sojoji ta ci a 2016 da 2017, AS SONIDEP ta kamfanin man fetur ta ci a 2018 da 2019, US GN ta jandarmomi ta ci a 2021, ASN Nigelec ta kamfanin wutar lantarki kuma a 2022. A gaban 2020 an bar wuri babu suna, domin annobar korona ta sa ba a kammala kakar ba. Dalilin wannan sauyi ba ɓoyayye ba ne. Ƙungiyar da ke da ma'aikata ko rundunar tsaro a bayanta tana iya biyan albashi a kan lokaci, tana da motar tafiya, wani lokaci har tana iya ba ɗan wasa fatan samun aiki idan ƙafa ta gaji. Ƙungiyar gari kuwa tana dogara ne ga aljihun wasu ƴan kasuwa da abin da magoya baya suka tara, ga kuma nisa: daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, daga Arlit kuwa ya haura 1,000. Ƙungiyar da za ta yi wannan tafiya a mota, ta sauka ta buga, ta juyo, ba daidai take da wadda filin wasa na Janar Seyni Kountché yake bayan gidanta ba. Ba na rage wa ƙungiyoyin ma'aikatu komai da wannan magana, domin US GN ce ta kai Nijar matakin rukuni na kofin Confederation na Afirka a kakar 2021 zuwa 2022, inda ta kara da RS Berkane ta Maroko da Simba ta Tanzaniya da ASEC Mimosas ta Kodebuwa, kuma daga AS FAN ne ɗan wasan gaba Moussa Maazou ya tafi Turai a 2008. Amma gasar da duk kofunanta suke tsayawa a gari ɗaya tana rasa ƴan kallo a sauran garuruwa, kuma shi ya sa yaro a unguwar Zango ta Damagaram ya san ƴan wasan Ingila kaf amma bai san mai tsaron gidan ƙungiyar garinsu ba.

A nan ne ɓangaren jihohi na bangon yake da muhimmanci. Ƙarƙashin Damagaram akwai Espoir da Alkali Nassara. Ƙarƙashin Maraɗi akwai Jangorzo da Dankassawa. Agadas tana da Akokana da Urana, duka biyun na Arlit, garin yuraniyom. Tawa tana da Ader FC da ƙungiyar Malbaza, Tillaberi tana da Kandadji Sport, Doso tana da Tagour, sannan Yamai ta cika layi har ya gangaro ƙasa da su Liberté da Racing ta Bukoki da AS Police, wadda ta ci gasar a 2008. Mai shagon bai goge sunan kowa ba don ya faɗa rukuni na biyu. Da na tambaye shi dalili, ya ce da ni: "Baba, ƙungiyar da ta buga rukuni na ɗaya ko da kaka ɗaya ce, akwai mutanen da suka bi ta da zuciyarsu, kuma su ma suna shigowa nan." Na yarda da wannan ra'ayi ɗari bisa ɗari, kuma shi ne ya sa nake ganin shagon ya cancanci a rubuta a kansa.

Yanzu sai rigunan. Yadi iri biyu ne ake zaɓa. Mai tsadar yana da ƴan ƙananan huji, yana shan iska, yana bushewa da wuri, kuma launinsa bai koɗe ba bayan wanki da shanya a ranar Damagaram. Mai arhar kuwa santsi ne da shi kamar leda, kuma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, ba rigar da mutum zai iya yini da ita ba ce. Bambancin kuɗin bai kai yadda za a ce a haƙura da mai arhar ba, saboda haka ina ba da shawarar a ƙara abin da ya rage a ɗauki mai kyau. Ɗinkin kansa ba ni da ƙorafi a kansa: an ninka bakin hannu da na wuya sau biyu, kafaɗa ta zauna, kuma da yake gwada mutum ake yi, rigar tana fitowa daidai jiki, saɓanin na kasuwa da sau da yawa suke matse mai jiki ko su yi wa siriri yawa.

Inda aikin ya yi rauni shi ne lamba da suna. Da injin zafi ake manna su, kuma a ɗaya daga cikin rigunan da na saya gefen lambar ya fara ɗagowa tun ba a je ko'ina ba. Na mayar, aka sake mannawa ba tare da an karɓi ko dala ba, wanda ya nuna mutunci, amma gyaran bai kai ingancin tambarin ƙirji ba, wanda shi da zare ake yin sa. Wanda zai saya ya roƙi a yi masa lambar da yadi a ɗinka, ko da zai ƙara kuɗi, kuma ya juya rigar ciki waje kafin wanki, kada guga ta taɓa rubutun. Alkawarin rana ma ba kullum yake cika ba. Idan wuta ta ɗauke injin ba ya aiki, shagon kuma ba shi da janareta, saboda haka aikin da aka ce gobe yana iya kaiwa jibi ko gata.

Akwai abubuwa biyu da suka fi waɗannan damuna. Na farko, bangon ya faɗi waɗanda suka buga, amma bai faɗi shekarun da kowace ƙungiya ta hau ko ta sauka ba, don haka mai karatu ba zai bambance wadda ta yi shekaru da dama a rukuni na ɗaya da wadda ta leƙa ta koma ba. Haka kuma an bar sunaye irin su FAN da GNN da FNIS a taƙaice da haruffan Faransanci, ba a bayyana cewa AS FNIS da ta ci gasar a 2005 da 2006 ita ce ta koma AS GNN ba, duk da cewa an yi irin wannan bayani ga Olympic da Sahel. Layi ɗaya da Hausa a gaban kowane suna zai wadatar, kuma akwai sauran fili a bangon.

Na biyu ya fi nauyi. Rigunan ba daga hannun ƙungiyoyin suke fitowa ba, shagon ne yake kwaikwayonsu daga hotuna, kuma mai shagon bai ɓoye mini haka ba. Ma'anar wannan ita ce duk rigar Espoir da aka saya, babu abin da yake shiga asusun Espoir, alhali rashin kuɗi shi ne ciwon da ke kashe ƙungiyoyin jihohi. Ba na ɗora masa laifin duka, domin da akwai inda ake sayar da na asali a gari da ba a zo wurinsa ba. Amma tunda yana da kayan aiki da masu saye, su kuma ƙungiyoyin suna da suna da tambari, abin da ya dace shi ne ya zauna da shugabanninsu, aƙalla na nan Damagaram, a yi yarjejeniya a rubuce, a ware wani kaso daga kowace riga. Hakan zai ba shi damar samun ainihin launi da ainihin tambari daga majiya, musamman na tsofaffin ƙungiyoyi da a yanzu yake zanawa daga hotunan da suka dusashe, kuma zai ba mai saye natsuwar cewa kuɗinsa ya kai ga ƴan wasa. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, wato FENIFOOT, da reshenta na jiha suna iya sauƙaƙa wannan idan an kai musu maganar.

Tarbar baƙi a shagon tana da kyau. Ana gaisawa yadda ya kamata, ana ba dattijo kujera, kuma ba a matsa wa wanda ya shigo don karanta bango kawai. Da yamma rumfar takan zama kamar fada, matasa suna shan shayi suna gardamar wasannin ƙarshen mako, wanda yake da daɗi ga mai sha'awa amma yana iya hana mata shigowa. Rigunan yara ƙanana da na mata ba a ajiye su a ɗinke, sai an ba da aiki.

Ina ba da shawarar shagon ga mai son rigar ƙungiyar garinsu, da shugabannin ƙungiyoyin unguwa masu neman kayan wasa na ƴan wasa gaba ɗaya, da malaman makaranta da za su iya kai ɗalibai su ga jerin zakarun. A je da safe kafin rumfar ta cika, a zaɓi yadi mai huji, a nemi ɗinkakkiyar lamba, a karɓi takardar shaidar biya mai ɗauke da ranar karɓa. Wanda yake son rigarsa kafin Sallah ya ba da aikin tun farkon azumi, domin a goman ƙarshe kekunan shagon suna komawa ɗinkin kayan Sallah, aikin rigunan ƙwallo kuma yana tsayawa sai bayan an sauko daga idi.