The Lord of the Rings ko The Hobbit?

Samarin majalisarmu a Unguwar Rogo sun ishe ni da tambayar wanne za su tura a waya.

Kowanne fim uku ne, aikin Peter Jackson. Na farkon, 2001 zuwa 2003, zai ci maka sama da awa tara, amma ba ya tsufa. Duk sanyin Disamba sai na ja bargo na maimaita shi.

The Hobbit kuwa, ɗan littafi ɗaya aka ja kamar danƙo. Na yi murnar sake ganin tsoho mai sihiri Gandalf, dodon nan Smaug ya burge ni, amma aikin kwamfuta ya yi yawa. A yaƙin ƙarshe har gyangyaɗi na yi.

Mai haƙurin bin labari mai nauyi ya ɗauki na farko. Mai kallo da ƙanne, Hobbit ya fi masa sauƙi.