Hattara da mai tallar rikodar CD ta gida a guruf-guruf

Jama'a don Allah duk mai niyyar sayen injin nan da ke naɗar sauti a faifan CD, wanda ake jonawa da rediyo mai kaset a gida, ya tsaya ya karanta. Akwai wani da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp da Facebook yana tallar na hannu, wai 'yan Baljiyam ne garau, zai turo maka bidiyo faifai na juyawa sauti na tashi, kana tura kuɗi ya sako maka a mota. Maƙwabcina ne ya faɗa hannunsa, dattijo da ke son kwashe tsofaffin kaset ɗinsa na tafsiri kafin zaren ya lalace, wallahi abin ya ƙona min rai.

Kunna faifai daban, naɗa daban. Idon injin yana buƙatar ƙarfi wajen rubutu fiye da karatu, kuma yawancin injinan nan tun ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 aka ƙera su, ido ya gaji, zai kunna maka lafiya lau amma kana danna rikod sai ya tsaya ko ya ɓata faifan a banza. Shi ya sa bidiyon mai tallar kullum kunnawa ce kawai.

Da injin ya ƙi naɗa, dattijon ya kira mai tallar, sai ya ce ai faifan ne matsala. To nan akwai gaskiya kaɗan, da ita yake cin mutane. Irin na gida ba sa karɓar faifan CD-R na kwamfuta, sai mai tambarin Digital Audio, abin ya samo asali ne daga wata dokar Amurka ta 1992 da ta ɗora kuɗin haƙƙin mawaƙa a kan irin faifan. Sai mai tallar ya sake karɓar kuɗi wai zai aiko da na musamman, da suka iso faifan kwamfuta ne aka manna wa sitika, alhali alamar da injin ke dubawa a cikin jikin faifan take tun daga kamfani, sitika ba ta canza komai. Daga nan layi ya daina shiga.

In dole sai ka saya, ka ce a yi bidiyo kol kana kallo, ya saka sabon faifai ya naɗa, ya danna Finalize wato rufe faifan, ya cire ya kunna a wani injin daban ko a mota, don in ba a rufe faifan ba sauran injina ba sa karanta shi. Ya kuma juya maka bayan injin, in ka ga 120V to na Amurka ne, wutarmu za ta ƙona shi in ba istef dawun. In ya fara kame-kame wai ba wuta, kar ka tura ko sisi.

Wanda kuma ya riga ya tura, ya adana rasit da hirarsu ya garzaya bankinsa da wuri. A taimaka a tura wa iyayenmu masu kaset.