Sharhi kan ƙaramin adaftan Wi-Fi na USB: akwai gudu, amma sai ka gyara masa zama

Wata uku ke nan ina amfani da ƙaramin adaftan Wi-Fi na USB 3.0, ajin AC1200, wajen kwashe manyan fayiloli daga kwamfutar tebur zuwa rumbun ajiyar da ke jone da rauta (na'urar da ke rarraba Wi-Fi). Kayan kirki ne, amma in ka soka shi yadda ya fito daga kwali, zai riƙa katsewa.

Wajen buɗe shafuka ko kallon bidiyo ba za ka ga aibinsa ba. Ɗora masa fayil mai gigabait 20 ka gani: koriyar sandar kwafi za ta yi gaba na 'yan mintuna, gudun ya faɗo sifili, sai alamar Wi-Fi ta ɓace. Kafin ka zargi kowa, buɗe Command Prompt na Windows, ka rubuta ping -t (umarnin da ke ta tuntuɓar rauta yana jiran amsa) da adireshin rautarka, ka bar shi yana tafiya lokacin kwafi. In amsa ta ɗauke daidai lokacin da kwafin ya tsaya, matsalar tsakanin adafta da rauta take, babu ruwan intanet.

Babban dalilin shi ne wurin da aka soka shi. Kafar USB 3.0 da kebul ɗinta suna fitar da hayaniyar lantarki a kusa da zangon 2.4 GHz (ɗaya daga zanguna biyu da adaftan ke aiki a kansu, ɗayan kuma 5 GHz), abin da Intel ya yi bayaninsa tun 2012. Hayaniyar tana ƙaruwa ne lokacin da bayanai ke kwarara, shi ya sa katsewar ba ta zuwa sai ana tsakiyar kwafi. Ga shi kuma bayan kwamfuta ƙarfe ne, yana tare sigina. Kebul ɗin ƙari mai tsawon mita 1 ya magance wannan: adaftan ya dawo kan tebur, yana kallon rauta, yana shan iska. Iskar ma ba ƙaramin abu ba ce. Taɓa shi bayan minti goma na kwafi, za ka ji robar ta yi zafi rau, don jikinsa bai kai ɗan yatsa ba, babu inda zafin zai bi ya fita. A ganina kamata ya yi a ce kebul ɗin yana cikin kwalin tun farko.

Sai batun tattalin wuta. A Device Manager, nemo adaftan, shiga Power Management, ka cire alamar da ta ba kwamfuta damar kashe shi. Ka kashe USB selective suspend a Power Options ma.

Akwai katsewar da ba laifinsa ba ce. In rauta tana kan tashoshin 52 zuwa 144 na zangon 5 GHz, dole ta bar tashar da zarar ta ji siginar rada (radar), kuma na'urorin da ke kanta na iya faɗuwa. Kafa ta a kan 36 zuwa 48. Ka kuma raba wa zangunan biyu suna, don kada rauta ta jefa ka 2.4 ana cikin aiki. Wanda ya zama tilas ya zauna a 2.4, ya zaɓi tasha 1, 6 ko 11, da faɗin 20 MHz.

Kada 1200 ɗin da ke cikin AC1200 ya ruɗe ka. Haɗin gudun megabit 300 ne da 867 a daƙiƙa na zanguna biyu, kuma ɗaya kawai kake hawa a lokaci guda. Abin da ke isa hannu wajen rabin 867 ne, wato kusan megabait 54 a daƙiƙa (megabit 8 ne megabait 1), in sigina ya yi kyau. Bayan gyare-gyaren nan bai sake yanke min kwafi ba, duk da haka ina amfani da robocopy (umarnin kwafi na Windows) tare da /Z, don in an samu tangarɗa ya ɗora daga inda ya tsaya.

Mai kwashe ɗaruruwan gigabait kullum, kebul ɗin Cat6 mai haɗa kwamfuta da rauta kai tsaye ya fi masa: a kan kafar gigabit zai ba shi kusan megabait 110 a daƙiƙa, ninki biyu na abin da adaftan nan ke iyawa.