Busasshen kayan ƙamshi ko jiƙa nama: wanne ya fi a kasko?

Ga yankan naman sa mai kaurin yatsa biyu, ga dankali da karas sun nuna a tukunya, suna jiran a murƙushe su. Shin busasshen kayan ƙamshi za a shafa wa naman, ko a jiƙa shi a ruwan lemun tsami da mai da tafarnuwa?

Jiƙawa tana da ranarta, musamman ga siririn yanka. Sai dai tsamin ba ya ratsa tsokar, a sama yake tsayawa, in kuma ya daɗe sai saman ya saki. Babbar matsalar ita ce ruwan. Jiƙaƙƙen nama in ya hau kasko turara yake yi, ya fito fari-fari maimakon ya soyu, tafarnuwar da ta manne a jikinsa ta ƙone ta kawo ɗaci.

Ni busasshen nake bi: gishiri, baƙin barkono, ɗan garin tattasai. Ki tsane naman, ki barbaɗa gishiri minti 40 kafin suya. Da farko zai tsotso ruwa waje, daga baya naman ya shanye abinsa tare da gishirin. Kasko ya ɗauki zafi sosai, ki ba kowane gefe minti 3 zuwa 4, har ya yi ɓawo ja mai duhu.

Ki bar shi ya huta minti 5 kafin ki yanka. Romon da ya tsiyaye a faranti, shi nake kwarara wa dankalin.