Kwalin gwajin ruwan kifi: ya biya ni, amma da saura

Tankuna biyu nake da su a bayan gidana a Kabala, ɗaya na tarwaɗa, ɗaya na karfasa. Da rani rijiyarmu ta ja baya, sai na koma jan ruwa daga wani ɗan rafi da ke gangarawa Kogin Kaduna. Kwana uku ba a yi ba, na fito da asuba na tarar da karfasa sun taru a sama suna buɗe baki, goma sha ɗaya kuma sun juya ciki. Na kama wata tarwaɗa, sai na ji jikinta garas, yauƙin nan da ke sa ta sulluɓe wa hannu duk ya tafi. Ranar ko karin kumallo ban iya ci ba.

Wani mai shagon abincin kifi ne ya miƙo min kwalin. Ya ce, "Malam, kafin ka sayi magani, auna ruwan tukuna." Ƙananan kwalabe ne a ciki, da ruwan ɗigawa iri biyu, ɗaya na pH, wato awon tsami ko kanwa-kanwar ruwa, ɗaya na amoniya, wato gubar da kashin kifi ke bari a ruwa, sai katin launuka da ake kwatantawa. Minti biyar an gama. A awon pH, ruwan rijiya ya nuna 7. Na rafin kuwa ya haura 9, alhali kifi ya fi jin daɗi tsakanin 6.5 da 8.5.

Na bi rafin da ƙafa. Can sama kaɗan ga masu wankin mota, ga masu wanki da guga, kumfa ta yi fari a bakin kwalbati. Garin sabulu yana wanke maiƙo, to haka yake wanke yauƙin da ke kare fatar kifi daga cuta, ya kuma ƙona jan naman nan na gefen kai da yake numfashi da shi. Tarwaɗa tana iya ɗagowa ta shaƙi iska, shi ya sa ta jure. Karfasa ba ta da wannan gatan. Ni dai tankina ne, na zubar na sake ruwa. Kifin kogi fa, wa zai sake masa?

Inda kwalin ya gaza: ba ya auna sabulun kansa, alama kawai yake ba ka. Bayanin amfani da Turanci ne zalla, rubutun ƙanana ƙwarai, sai da ɗiyata ta karanta min. Katin launukan kuma takarda ce, ruwa ya taɓa nawa sau ɗaya ya fara kumbura, dole na sa shi a leda. A kuma duba shi da hasken rana, don fitila tana rikita launi.

Duk da haka zan sake saya. Yanzu ruwan 'yan garuwa nake cika tankunan da shi, kuma kowace jarka sai na auna kafin a juye.