Sharhi kan NationStates: na gina ƙasar sojoji a wasan da babu yaƙi a ciki

NationStates wasa ne na kyauta da ake yi a intanet, ba sai ka sauke komai ba, a burauza kawai. Wani marubuci ɗan Ostareliya Max Barry ne ya ƙirƙiro shi a 2002 don tallata wani littafinsa, sai gashi wasan ya rayu har yau. Ni abin da ya kai ni shi ne labarin da nake rubutawa kan wata ƙasa ta ƙirƙira wadda soja ne komai a cikinta, inaso in san yadda mutanen irin wannan ƙasa suke tunani da yadda ake mulkinsu, shi ne nace bari in gwada ko wasan zai taimaka. Ya taimaka sosai, amma ba ta inda yawancin masu son ƙasar soja za su zata ba.

Farawa ba wuya. Ka zaɓi sunan ƙasa da tuta da take da sunan kuɗi da dabbar da ƙasar ke alfahari da ita, ka amsa 'yan tambayoyi, shikenan an baka ƙasa mai mutum miliyan 5. Daga nan matsaloli za su riƙa zuwa maka a kai a kai, kowace matsala mutane biyu ko uku ko fiye ne za su zo gabanka kowa da tasa shawarar, kai kuma ka zaɓi ɗaya ko ka yi watsi da maganar gaba ɗaya. Abin da ka zaɓa shi yake zama doka, sai a nuna maka kanun jaridu da yadda alƙaluman ƙasar suka motsa.

To ga abin da ya kamata kowa ya sani tun farko: a wasan na yau da kullum babu maɓallin kai hari. Ba taswirar da za ka tura tankoki, ba janar ɗin da za ka ce ya tsallaka iyaka. Kana iya tara soja iya son ranka, sunanka ya hau sama a jadawalin ƙarfin tsaro, amma babu wanda za ka harba. Nasan wani zai ji haka ya ce to meye amfanin, ni kuwa a wajena nan ne amfanin yake, don da aka cire fagen fama sai abin da ya rage shi ne tambayar da masu rubuta irin wannan ƙasa suka fi gudu, wato wa yake biya?

Akwai wani zane mai kama da da'ira da ke nuna yadda gwamnatinka take raba kuɗi, tsaro da ilimi da lafiya da 'yan sanda da sauransu. Duk lokacin da na goyi bayan masu kaki sai in ga yankin tsaro yana kumbura sauran suna tsukewa, haraji ya tashi, 'yancin siyasa ya sauka, kuma da na amince da shiga soja dole sai abin ya zauna a jerin dokokin ƙasar yana kallona kullum. Wannan ya sa na koma karanta yadda ƙasashen soja na gaske suka yi da wannan lissafin. Sparta, wata tsohuwar ƙasa ta Girkawa, ce kowa yake kawowa, yaro yana shekara 7 a ɗauke shi daga gida a kai shi horo, amma ba a cika faɗin cewa duk wannan ya yiwu ne saboda akwai bayin ƙasa da ake kira Helot masu yi musu noma ba, kuma sun fi su yawa nesa ba kusa ba, har ya zama rabin dalilin riƙe takobin ma tsoron tawayen cikin gida ne. Kuma sharuɗan zama cikakken ɗan ƙasa sun yi tsauri har yawansu ya dinga raguwa, daga wajen 8,000 a zamanin yaƙi da Farisa zuwa ƙasa da 1,000 a zamanin Aristotle, da Thebes, wani birnin Girkawa, ta doke su a yaƙin Leuctra a 371 kafin haihuwar Annabi Isa kuwa ba su sake komawa yadda suke ba. Shi ya sa yanzu a ƙasata babi mafi tsawo ba na rundunoni bane, na manoman da ba a ba su damar riƙe makami ne.

Inda wasan ya fi burge ni shi ne shafin da ake baka ka rubuta tarihin ƙasarka da tsarinta yadda kake so. Nan na zauna na tsara siyasar, kuma gaskiya in mutum ya ce "janar ne ke mulki" ya tsaya a nan to bai ce komai ba. Sojoji masu wayo ba sa buƙatar zama a kujerar ma. A Japan an yi doka a 1900 cewa ministan sojan ƙasa da na sojan ruwa dole su kasance hafsoshi masu kan aiki, to kaga duk ranar da rundunar ta yi fushi sai ta janye nata ministan ta ƙi bada wani, gwamnati ta faɗi, haka kuwa aka yi a 1912. An sassauta dokar a 1913 aka dawo da ita a 1936. A Myanmar kundin tsarin mulkin 2008 ya ware wa soja kashi 25 cikin ɗari na kujerun majalisa, gyaran kundin kuma sai da ƙuri'a sama da kashi 75, ma'ana ba abin da zai canza sai sun yarda. Na haɗa biyun, ƙasata tanada majalisa da zaɓe da firaminista farar hula, komai tsaf a takarda, amma kowa yasan inda mabuɗin yake. Sannan na raba rundunar ƙasa da ta ruwa suna gaba da juna kan kasafi, don soja ba baki ɗaya yake magana ba.

Al'ada kuma labarin wani mai gyaran takalmi ne ya buɗe min ido. A 1906 mutumin nan, tsohon fursuna mai suna Wilhelm Voigt, ya sayi tsofaffin kayan kaftin na sojan Prussia ta Jamus ya saka, ya tare wasu sojoji a hanya ya ce su biyo shi, suka bi shi ba tambaya har Köpenick kusa da Berlin, ya kama magajin gari ya karɓi kuɗin baitulmali sama da mak 4,000, kuɗin Jamus na lokacin, har rasit ya sa wa hannu, ya yi gaba abinsa. Kaki kawai suka gani. Wannan shi ake kira ƙasar soja, inda farar hula da kansa ya yarda mai kaki ya fi shi. Daga nan na fara rubuta ƙananan abubuwa, wa ake fara sallama a layi, wace yarinya ce iyayenta za su hana ta auren wanda aka ƙi ɗauka soja saboda ciwon ƙafa, me ake koya wa yara su rera da safe, yaya matar da aka kawo mata kayan mijinta a akwati ake so ta yi a gaban mutane kuma yaya take yi in ta rufe ƙofa.

Sai dai fa a sani, wasan na barkwanci ne da zolaya. Shawarwarin da ake kawo maka kusan duk masu wuce gona da iri ne da gangan, kuma ba a nuna maka sakamako sai ka zaɓa, wani lokaci ka ɗauki abin da kake ganin zai ƙara ladabi a ƙasa sai ka ga ya taɓa wani abu can daban. In labarinka mai nauyi ne kada ka kwashi komai ka zuba, ka ɗauke shi a matsayin mai yi maka tambaya kawai, in matsalar ba ta dace da duniyarka ba ka kore ta. Komai kuma da Turanci ne, kuma wasa da kalmomi ya yi yawa, wanda Turancinsa bai nuna ba wasu abubuwan za su wuce shi. Sai haƙuri, don sunan babban birni ma sai yawan jama'arka ya kai miliyan 250 za a baka damar sawa, na shugaba da na addini sai gaba da haka, a ƙasar soja kuwa sunan shugaba ai ba ƙaramin abu bane. Ni dai na rubuta su a shafin tarihi tun kafin lokacin.

Wanda yake son ya ga ana gwabzawa a taswira ba nan zai zo ba, ya nemi wasannin dabarun yaƙi. Amma mai rubutu ko mai tsara duniyar wasa da yake son ƙasarsa ta zama wuri da mutane ke zaune a ciki, ina ganin ya gwada, ba ya cin data kuma 'yan mintoci a rana sun isa. Kawai ka riƙa leƙawa, in ka yi kwana 28 baka shiga ba ƙasar za ta daina wanzuwa, ko da yake ana iya dawo da ita daga baya.